An sauya wa mota fasali, a ina za a ɗaure kujerar yaro?

Mai Kula da Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ɗaya ta shigo sau uku a makon nan, sai na ga gara a buɗe mata fili. Mota ce mai ja da ƙafa huɗu, irin su Land Cruiser, Prado, Patrol ko Hilux mai ƙofa huɗu. An ɗaga ta, an cire kujerun layi na uku, an kafa durowoyi a but, an ɗora firij, an sa ragar ƙarfe tsakanin kaya da fasinja. Sai aka zo sa kujerar yaro, aka nemi inda za a maƙala igiyar sama, wato wadda take riƙe saman kujerar yaron ta baya, aka rasa, durowa ta binne wurin. Mai motar yana tambaya ko ya halatta ya maƙala a zoben ɗaure kaya da ke gefe, ko kuma a jikin ragar. Masana, bismillah.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Duka biyun a'a. Zoben ɗaure kaya an yi shi ne don ya hana jaka ko jarka zamewa, galibi siririn noti ne ya riƙe shi a jikin falle ɗaya na ƙarfe. Maɗaurin kujerar yaro kuwa wuri ne da kamfani ya ninka wa ƙarfe, ya manna masa noti ta ƙasa, ya ja shi da na'ura har ya tabbatar ba ya tsinkewa.

A yi lissafi kaɗan. Gwajin karo na kujerun yara ana yin sa ne a gudun kusan kilomita 50 a awa, kuma birkin da ake samu a cikin ƙiftawar ido ya haura nauyin abu sau 20. Yaro mai kilo 15 a kujera mai kilo 10, kilo 25 ke nan. A ninka sau 20, an samu kilo 500 yana fizga gaba lokaci guda. Wannan ne ya sa ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya da Turai ke bi ta ce sandunan ISOFIX, wato ƙarafan da ake maƙala gindin kujerar yaro a jikinsu, su jure jan kilonyuton 8 zuwa gaba, ta Amurka kuma ta ce 11. Kilonyuton 8 kamar a rataya kilo 800 ne. Wa zai rataya kilo 800 a zoben da yake ɗaure kula?

Baba Mai Walda:
Injiniya, na yarda da kai a kan zoben. Amma ni a ganina maganar ba ta kai a wahalar da mutane ba. Mota irin wannan tana da shasi mai kauri a ƙasa. A huda daɓen, a saukar da dogon noti har cikin shasi, ko a yi wa ƙarfe mai kaurin milimita 6 walda a jikinsa a fito da kunnensa sama. Ko tirela ka ɗaura ba zai motsa ba. Ina abin da ya fi shasi ƙarfi a mota?

Injiniya:
Baba, ƙarfi kam babu abin da ya kai shi, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. A waɗannan motoci bodi daban, shasi daban, robobi ne a tsakaninsu. Kujerar mota da bel da yaron duk suna kan bodi. Kullum ana tafiya bodi yana rawa a kan robobin nan, a gargada ya fi, a karo kuwa yana iya gocewa da santimita da dama. Idan ƙasan kujerar yaro yana ɗaure a bodi, samanta kuma yana ɗaure a shasi, to an ɗaura ta a abubuwa biyu da ba sa tafiya tare. Ko igiyar ta saki daidai lokacin da ake bukatarta, ko ta fizge kujerar baya. Tun kafin a kai ga karo ma, dogon notin zai riƙa cin bakin ramin da aka huda har daɓen ya tsage.

Idan kuma an yi wa motar ɗagin bodi, wato an cusa tubalai tsakanin bodi da shasi, tazarar ta ƙaru, notin ya zama sanda mai lanƙwasa. Noti yana da ƙarfi idan an ja shi a miƙe, ba idan ana karya shi ta gefe ba.

Baba Mai Walda:
To na ji wannan, hujja ce. Amma waldar a jikin bodi fa?

Ogan Gareji:
Baba, ka fi ni sani, ƙarfen daɓe bai cika kai milimita ɗaya ba. Ka ɗora masa wuta, waldar ta yi kyau, gefenta ya yi laushi. Ranar da aka fizga, waldar ba za ta karye ba, za ta taso ne da daɓen gaba ɗaya kamar an buɗe gwangwani. Ga fentin ƙasa da ya ƙone, tsatsa ta samu ƙofa, kuma a wurin da ba mai leƙawa.

Kafin ma a kai ga huda ko walda, a fara da neman na kamfani. Sau da yawa yana nan, an rufe shi ne kawai. A buɗe littafin motar, sashen kujerun yara, akwai zane. Wuraren da ake samunsa: a bayan jinginar kujerar tsakiya, a daɓen but, a ƙasan bakin ƙofar baya, a wasu motocin ma a rufi. A Hilux da ire-irenta sai an kwantar da jinginar baya ake ganinsa a bango ko bayan kujerar. Alamarsa hoton ƙugiyar jirgin ruwa a kan murfin roba. A wasu tsofaffin motoci ba za ka ga ƙarfen maƙalawa ba, sai ɗan toshin roba a ƙarƙashin kafet, idan ka ɓalle shi ka ga rami mai zare. Wannan ramin shi ne, sai a sayi kayan maɗaurin a ɗaura.

A nan akwai tarkon da yake cin mutane. Zaren ramin a motoci da yawa na inci ne, 5/16, mai zare 18 a kowane inci. Kaurinsa milimita 7.9, kusan daidai da M8, wato noti mai kaurin milimita 8. Sai yaron gareji ya ɗauko M8, ya shiga zagaye biyu ko uku, ya cije, a sa ƙarfi da sifana, zaren ya mutu. Daga waje ka ga kamar ya ɗauru tamau, alhali iska yake riƙe. Tazarar zaren M8 milimita 1.25 ce, ta 5/16 kuwa wajen 1.4, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Wasu motocin kuma M8 ɗin ne na gaskiya. Don haka noti ya fara shiga da yatsu, aƙalla zagaye biyar cikakku ba tare da turjiya ba, sannan a ɗaure shi gwargwadon awon da littafi ya faɗa. Wanda ya cije tun farko ba nasa ba ne.

Maman Tagwaye:
Allah ya saka, Oga. Ina so a fayyace wa masu karatu abin da igiyar saman nan take yi, don da yawa suna ganin ƙari ce, sai su naɗe ta su cusa a bayan kujera. Kujerar da ke kallon gaba, bel ko ISOFIX ƙasanta kawai suke riƙewa. Idan aka yi karo, saman yana sunkuyawa gaba, kan yaro ya bi shi. Igiyar sama tana rage wannan tafiyar da kusan santimita 10 zuwa 15. A mota mai fili sai mutum ya ce ba komai, amma a bayan Hilux tazarar fuskar yaro da bayan kujerar gaba ba ta da yawa, wannan taƙin hannun shi ne bambanci tsakanin kai ya bugi abu da ya tsaya a iska. Balle idan an rataya allon kallo ko jakar kayan aiki a bayan kujerar gaba.

A Ostireliya, inda irin waɗannan motocin jeji suka yi yawa, igiyar sama dole ce, kuma har kujerun jarirai masu kallon baya suna da ita. A Amurka tun Satumbar 2002 sababbin ƙananan motoci suke fitowa da tsarin da suke kira LATCH, maɗaurai biyu a ƙasa, ɗaya a sama. A Turai kuwa kujeru da yawa suna zuwa da ƙafar tokare a madadin igiyar.

Ɗan Jeji:
To ai Hajiya kin kawo mafita. Wanda durowa ta rufe masa maɗauri ya sayi mai ƙafar tokare, ya huta da neman rami.

Maman Tagwaye:
Mafita ce, amma da sharaɗi. Ƙafar tana sauke nauyi ne a kan daɓen da ke gaban kujerar baya, don haka sai daɓen ya zama ƙarfen mota na asali, mai ƙwari. Idan akwai akwatin ajiya a ƙarƙashin ƙafa mai murfin roba, ƙafar za ta burma shi, sai dai idan littafin motar ya ce an yarda. Masu gyaran motar jeji kuma suna son wurin nan: wani ya shimfiɗa tankin ruwa a gindin kujera, wani ya yi daɓen katako don ya daidaita wurin, wani ya sa tabarmar roba mai kauri da rami-rami. Duk waɗannan sai an cire. Ƙafa ta taka daɓe sosai, alamar jikinta ta koma kore, kuma kada a miƙa ta har ta ɗaga gindin kujerar yaro daga kan kushin.

Na biyu, yawancin masu ƙafar tokare da ISOFIX suke aiki. Motar da ba ta da shi, sai a nemi wadda aka amince a ɗaure ta da bel.

Ɗan Jeji:
Akwai wani ƙarfe da ake sayarwa a intanet, a zura shi ta tsakanin mazauni da jingina, kunnuwansa biyu su leƙo gaba, sai tsohuwar mota ta samu ISOFIX. Me kuka gani?

Injiniya:
A bar shi inda aka gan shi. Abin da yake riƙe shi jinginar kujera ce kawai, wadda ba a gina ta don a tura ta daga ƙasa ba. Babu wanda ya gwada shi a motarka. Ainihin ISOFIX sanduna biyu ne masu kaurin milimita 6, tazarar milimita 280 a tsakaninsu, haɗe da ƙashin kujera ko da bodi tun daga masana'anta.

Kuma mutane su daina jin cewa mota ba ISOFIX kamar ta gaza ne. Bel ɗin mota an yi shi ne ya riƙe ƙato, kujerar yaro da aka ɗaure da bel daidai ba ta gaza ta ISOFIX tsaro ba. Fifikon ISOFIX shi ne ya fi wuyar yi wa kuskure. Yana ma da iyaka: a Amurka idan yaro da kujera suka haura fam 65, wajen kilo 29 da rabi, ana komawa bel, a tsarin i-Size na Turai iyakar kilo 33 ce. Kuma ba a haɗa biyun lokaci guda sai littafin kujerar ya ce a haɗa.

Ogan Gareji:
Tunda an taɓo ƙashin kujera, bari in tsaya a nan, don a ganina wannan ya fi batun igiya haɗari kuma ba mai maganarsa. A yawancin manyan jif, sandunan ISOFIX, da maɗaurin igiyar sama, wani lokaci har bel ɗin tsakiya, duk a jikin kujerar motar suke. Ma'ana, komai yana rataye ne a kan notunan da suka riƙe kujerar a daɓe. Masu kafa durowa da raga sukan cire kujerar don su samu fili, su mayar. Abin da ake tararwa bayan haka: noti ɗaya ya ɓata an sa na kasuwa, ko an cusa ƙafar durowa a ƙarƙashin notin kujera, ko an ɗora kujerar a kan tulin wosha don ta tsallake wani ƙarfe. Idan ka cusa ƙarfe mai milimita 5 a ƙarƙashin noti, ka sace masa zare huɗu.

Abin dubawa: notunan su zama na asali, ko masu daraja ɗaya. A kan notin akwai lamba, 8.8 ko 10.9. Wanda kansa fayau ba lamba, ko mai 4.6, na ƙofar gida ne. Notin bel ɗin mota shi kuma galibi 7/16 ne mai ƙananan zare, har a motocin Japan, kuma sau da yawa yana da kafaɗa don kunnen bel ya riƙa juyawa. A matse shi da noti marar kafaɗa, kunnen ya daskare, bel ya riƙa ja ta gefe yana cin kansa.

Sannan jinginar. Prado da Patrol da makamantansu jinginarsu tana kwantawa baya, wasu mazauninsu yana zamewa gaba da baya. A tsayar da ita inda littafi ya ce, a girgiza a ji ta kulle ƙas. Idan firij ko raga ta tokare jinginar har ba ta kai makullinta ba, an gama magana, ba a sa yaro a nan.

Baba Mai Walda:
Wannan gaskiya ne. To yanzu a dawo kan mai tambaya. Maɗaurinsa yana daɓe, durowa tana kansa. Ba walda, ba shasi, ba zobe, ba raga. Ya zai yi?

Ogan Gareji:
Durowar ce za ta matsa, Baba. A sauke ta, a yanke taga a saman katakon da gaban akwatin daidai saitin maɗaurin, mai faɗin da hannu zai shiga ya maƙala ƙugiya ya cire. A goge bakin ramin, a sa masa robar baki, don kaifin alminiyam ko katako yana yanka igiya a hankali. Igiyar ta tafi a miƙe daga saman jingina zuwa maɗauri, kada ta hau kan kusurwar durowa ta karyo ƙasa. Idan ta hau, ranar karo kusurwar za ta murƙushe, igiya ta samu sakin da ba a shirya ba. Durowoyin kamfanoni masu kyau suna zuwa da wannan tagar, wasu ma da maɗaurin da aka gwada aka ba shi takarda. Wanda ba shi da takarda, ƙugiya ce kawai a jikin katako.

A duba kuma ko mai kafawar bai ari ramin maɗaurin ya ɗaure durowar da shi ba. Ana yi, don rami ne mai zare a wuri mai kyau. Idan haka ne a kwance, a nema wa durowar wani wurin.

Ragar ma haka. Ta kirki tana da ramukan da igiya za ta ratsa. Igiyar ta wuce ta ciki ba tare da ta goga ƙarfe ba, kada a zagaya da ita ta sama ko ta gefe.

Injiniya:
Idan kuma motar ba ta da shi sam, kamar tsofaffin samfuri ko waɗanda aka yi don aikin gona da haƙar ma'adinai, ana iya ƙirƙirar maɗauri, amma aikin mai lasisi ne, kuma a ƙasashen da ke da dokar gyaran mota sai da takardar injiniya. Ga yadda aikin kirki yake kama, don mai mota ya san abin da zai duba, ba don ya ɗauki injin huda ba.

Wurin ya kasance a bayan kujerar, a saitin tsakiyarta, don igiya kada ta ja ta gefe. A leƙa ƙasa kafin a huda: tankin mai, musamman idan an sa babban tanki na tafiya mai nisa da ya cika ƙarƙashin but, bututun birki, bututun mai, wayoyin baturi na biyu. A zaɓi wuri shimfiɗaɗɗe, kusa da ƙashin da ya gitta daɓen, ba kan tudun lanƙwasa ba. Ta ƙasa a sa faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3 ko fiye, girmansa wajen milimita 50 da 75, kusurwoyinsa a zagaye, don kusurwa mai tsini ita ce take fara yaga daɓe. Faifan ya kwanta lif a jikin ƙarfen, ba rata. A yanke kafet da soso a wurin, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Idan ana bukatar tsawo a sa zoben ƙarfe na tazara. A shafa wa bakin ramin maganin tsatsa, a toshe shi da kyau saboda ruwa da hayaƙin salansa. Noti mai kulle kansa a ƙasa. Ba sukuru mai huda da kansa, ba ribit, ba notin nan da ake matsewa a rami da bindiga.

Sista:
Ku yi haƙuri maza, kun daɗe a ƙarƙashin mota, bari a dawo kan yaron. Maɗauri ya yi kyau, ɗauri ya ɓaci, aikin banza ne.

Da bel za a ɗaure? A fara sanin irin bel ɗin. A jawo shi duka har ƙarshe, a sake shi a hankali. Idan ana jin ƙarar ƙat-ƙat-ƙat kuma ya ƙi sake fitowa, mai kulle kansa ne, shi ke nan. Motocin kasuwar Amurka tun daga 1996 suna da hanyar kullewa. Da yawa daga na sauran kasuwanni ba su da ita, sai an fizga suke kamawa. A irin wannan sai kujerar da ke da nata maƙullin bel, ko a sa ɗan ƙarfen kulle bel kusa da bakin sakata. A bi hanyar bel da aka yi wa alama, ta mai kallon baya daban, ta mai kallon gaba daban. A danna kujerar da nauyin jiki, a ja bel. Sannan a kama ta daidai inda bel ya ratsa, a girgiza gefe da gaba. Idan ta motsa fiye da santimita 2 da rabi, a sake. Igiyar sama ita ce ta ƙarshe, a ja ta har ta daina lilo, ba har ta ɗaga gindin kujera ba.

Ɗamarar yaro kuma, a matse har idan ka tsunkuli igiyar a kafaɗa yatsu su zame ba su kama komai ba. Ba rigar sanyi mai kumbura a ƙarƙashinta.

Kuma kujerar da ke kallon baya ba ta zama a gaba inda jakar iska take aiki, ko da tafiyar minti biyu ce.

Ɗan Jeji:
Sista, tsakiya ko gefe? A hanyar jeji an fi tsoron wuntsilawa, musamman motar da aka ɗaga aka kuma ɗora mata kaya a rufi. Ni a ganina tsakiya ta fi.

Sista:
Tsakiya ta fi nisa da ƙofa, ba musu. Amma a tsofaffin jif bel ɗin tsakiya na cinya ne kawai, mazaunin kuma siriri mai tudu, wani lokaci daidai kan rabuwar kujera gida biyu. Wasu kujeru masu ɗamara an yarda a ɗaure su da bel ɗin cinya tare da igiyar sama, da yawa na Turai kuwa sai mai kafaɗa. Kujerar ƙarin tsawo ta manyan yara ba ta taɓa halatta da bel ɗin cinya kaɗai, don jiki yana ninkewa a kansa, ciki da ƙashin baya su sha. Kuma kada a ari sandar ISOFIX ɗaya daga dama ɗaya daga hagu a ɗaura a tsakiya, tazarar ba ta 280 ba ce. Ɗauri mai ƙarfi a gefe ya fi mai lilo a tsakiya.

Maman Tagwaye:
A ƙara da batun rabuwar kujerar. Igiya ɗaya tilo idan ta faɗo daidai kan tsagar jingina biyu, za ta zame ciki ta saki. A bi da ita ta ƙarƙashin matashin kai, tsakanin sandunansa biyu, ko yadda littafin motar ya nuna.

Kujerun da ke kallon juna a gefe kuma, irin bencin bayan Land Cruiser 78 da tsofaffin Defender, ba a sa kujerar yaro a kansu ko wace iri ce. Duk gwajin da ake yi wa kujerun yara a kan mazauni mai kallon gaba ake yi. Wanda yake da irin wannan mota sai an kafa masa kujera mai kallon gaba da aka gwada, da bel ɗinta da maɗaurinta.

Baba Mai Walda:
Igiyar ƙari fa? Idan maɗaurin yana can bakin ƙofar baya, ta kujerar ba ta kai ba.

Maman Tagwaye:
Akwai ta, ana yin masu tsawon santimita 30 da 60, amma a sayi wadda mai kujerar ya amince da ita, guda ɗaya, ba a jona biyu. Ba igiyar ɗaure kaya, ba ƙulli. Matsalar doguwar igiya a mota mai kaya ita ce tana ratsa but. Jaka ta jingina da ita, firij ya zamo ya ture ta, tsayinta ya canza. Idan kaya suka taso a karo suka daki igiyar, kujerar yaro suke fizga. Dole a bar mata hanya fili.

Injiniya:
Firij ɗin nan ma a yi masa lissafin da aka yi wa yaro. Shi da abin cikinsa da layin zamewarsa su kai kilo 50, sau 20, tan guda ke nan a bayan jinginar da yaro yake. Dogon jak, tukunyar gas, akwatin sifanu, jarkar ruwa mai lita 20, kowanne ya samu nasa ɗaurin a ƙarfe, masu nauyi a ƙasa kuma a gaba-gaba. Ragar da ta taɓa shan duka ta gama aikinta, a sauya.

Ƙarfen gaba kuma, wanda ake ɗora winci a kansa: idan ba wanda aka gwada da jakar iskar wannan motar ba ne, yana iya sauya lokacin da jaka da matsin bel suke tashi, kuma bamba mai tauri yana miƙa wa na ciki bugun da ya kamata gaban mota ya shanye.

Sista:
Abu ɗaya da ɗagin mota yake taɓawa kai tsaye shi ne kwanciyar jariri. Sabon haihuwa yana bukatar jingina wajen digiri 45, don kansa yana da nauyi, wuya ba ƙarfi. Idan ya miƙe da yawa haɓa ta faɗo kan ƙirji, numfashi ya ƙuntata. A auna alamar da ke jikin kujerar a wuri shimfiɗaɗɗe, motar tana ɗauke da kayan da ta saba ɗauka. Idan baya ya zauna saboda lodi, jaririn da ke kallon baya ƙara miƙewa yake yi.

Injiniya:
Don kada a tsorata mutane, bambancin santimita 10 tsakanin gaba da baya a mota mai tazarar ƙafa mita 2.8 digiri 2 ne kacal. Yana da tasiri ne idan dama alamar tana bakin iyaka. Hawan tudu mai tsayi ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sista:
Shi ya sa jaririn da bai riƙe wuya ba, ba shi ba hanyar duwatsu, komai kyan kujera. A kwalta ma a riƙa tsayawa ana fito da shi, kada ya haura awa biyu a ciki a jere.

Ɗan Jeji:
Na gargada kuma, a sani tana kwance komai. Bel da aka matse da safe, bayan awa uku na rawar hanya kushin ya lotsa, ya saki. Duk tsayawa a kama kujerar a girgiza, a taɓa igiyar sama, a leƙa alamar ISOFIX ko har yanzu kore ce. Ƙura da yashi suna shiga sakatar ɗamara har ta daina yin ƙas. A wanke da ruwa zalla, ba mai, ba giris, don mai ƙura yake tarawa. Idan an tsallaka rafi ruwa ya shigo, a cire kujerar, igiyoyi su bushe a inuwa, a ɗaga kafet a duba gindin maɗaurin. Jan ruwan tsatsa a kewayen noti alama ce ta a kwance a duba faifan ƙasa.

Ogan Gareji:
Rigar kujera ta tamfol ma, da yawa ba su da tsaga a saitin ISOFIX, sai mutum ya tura ya ji ƙas, ashe yadi ya ciza ko wayar kushin. A yanke tsagar a ɗinke bakinta, a ga sandar da ido kafin a maƙala, sannan a ja baya da ƙarfi a tabbatar.

Mai Kula da Zaure:
Madalla. Mai tambayar ya turo hoto ta akwatin saƙo: murfin roba mai hoton ƙugiya yana leƙowa rabi a ƙarƙashin ƙafar durowa ta hagu, kuma akwai noti a cikinsa. Oga, ka duba ka gaya masa ta inda zai fara kwancewa.

Ogan Gareji:
Na gani. An ari ramin ne. Ya zare durowoyin biyu, ya kwance notin nan da hannu, ya karanta kansa, ya gwada 5/16 da yatsu. Idan ya shiga zagaye biyar lafiya, zaren ya tsira. Idan yana lilo ko ya fito da garin ƙarfe, kada ya sa kujera a gefen nan, ya koma dama har a gyara.